Sana'ar da Ba Ta da Sarki: Masu Gyaran Jita a Harobanda

A ƙasar Hausa da wuya ka sami sana'ar da ba ta da sarki. Maƙera na da nasu, mahauta na da sarkin fawa, wanzamai na da sarkin aski, har makaɗa na da sarkin makaɗa. Yaro kan tashi ya tarar da uwar maƙera a zauren gidansu, ya fara da zuga tun hannunsa bai isa riƙe guduma ba. Gyaran jitar lantarki ba haka yake ba. Ba wanda ya gaje shi, ba wanda aka naɗa wa rawani a kansa, kuma duk wanda na sani yana yin sa a Yamai ta wata ƙofa ya shigo. Wannan mai gyaran rediyo ne, wancan kafinta, wani kuma makaɗi ne da kayansa suka lalace ana tsakiyar biki, ya duba hagu da dama bai ga mai taimako ba. Ni ta ƙofar rediyo na shigo, a wata rumfar kwano a Harobanda, kusa da hanyar da ke fita Torodi, wurin wani dattijo Bazabarme da na zama yaronsa a tsakiyar shekarun 1980.

Bayan wayar da ta saki daga dalma, ba abin da ke kawo mana jita kamar jaki. Shi ne ƙarfen nan da ke zaune a kan cikin jita, can ƙasa da inda hannu ke kaɗawa, wanda tsirkiya shida ke hawa kansa. Da yawa sun ɗauka maƙali ne kawai. Alhali shi ke yanke tsawon tsirkiya, shi ke sa ta ɗaga daga wuya ko ta kwanta, kuma ta kansa girgizarta ke shiga katako. In ya goce da milimita biyu, makaɗi zai ɗaure jitarsa daidai, ya kaɗa ta a sake ya ji lafiya lau, amma da ya gangara da yatsa tsakiyar wuya sai murya ta karkace, mawaƙi ya riƙa waiwayowa yana harararsa.

Mai goge da mai molo da mai gurumi ba su taɓa bukatar irinmu ba. Kowannensu shi ne maginin kayansa, shi ne mai gyara. Goge ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki, jakinsa ɗan reshen itace ne da mai shi ya fiƙe da wuƙarsa. Ba a manna shi, ba a kafe shi, nauyin tsirkiya ne ke danne shi a kan fata. In murya ba ta yi ba, sai a ture shi da ɗan yatsa. In ya ɓace, a yanko wani kafin shayi ya tafasa. Marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi aka yi kuntiginsa, ya zaga duniya da shi. Ko da zaren roba na kamun kifi ya maye gurbin izga da jijiya a kan molo, ba abin da ya sauya, sai ma sauƙi da ya ƙaru: mai molo a nan bakin kogin Isa da ya ratsa Yamai sai ya gangara wurin masunta ya samo tsirkiyarsa.

Jitar lantarki ta zo da sharuɗɗa biyu da suka raba ta da waɗannan. Na farko, wuyanta a jere yake da ƙarafa, an kafe kowanne bisa lissafi, ba ya motsi. Wuyan molo sumul yake, yatsa na iya matsawa kaɗan ya rufe kuskuren jaki. A jita babu wannan rangwamen. Ƙarfe na 12 dole ya faɗo a tsakiyar tsirkiya, don haka jaki ne zai bi ƙarafa, ba su za su bi shi ba. Na biyu, ba ta jin zaren roba. Abin da ke ɗaukar sautinta maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, kuma maganaɗisu sai ƙarfe. Daga nan makaɗi ya daina wadatar da kansa. Yana bukatar mai awo, mai dalma, da ɗan kasuwar da zai kawo masa tsirkiya daga bakin teku.

Wanda ya tsara irin jitar da ta fi yawa a hannunmu ma ba makaɗi ba ne. Leo Fender shagon gyaran rediyo ya buɗe a 1938 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a Amurka, kuma bai iya kaɗa jita ba. Makaɗa ne suka riƙa kawo masa amfilifaya gyara, ya riƙa sauraron kokensu. Shi ya sa ya ƙera jitar da ake kwancewa da sukurudireba: wuya a ɗaure da sukuru huɗu, wayoyi a ƙarƙashin faranti, kowane sashe in ya mutu a cire a sa wani. Telecaster ta farkon shekarun 1950 jakinta mazaunai uku ne, tsirkiya biyu-biyu. A 1954 ya fito da Stratocaster mai mazaunai shida, kowace tsirkiya da nata, ana matsa shi gaba ko baya, ana ɗaga shi ko a sauke. A wajen lokacin nan ne kamfanin Gibson ma ya fito da nasa jakin mai suna Tune-o-matic. Na sha gaya wa yarana cewa da a ce kafintan goge na Turai ne ya tsara wannan abu, da komai a manne yake da gam, da sana'armu ba ta samu ba.

Jakin Stratocaster ya cancanci a tsaya a kansa, don shi da kwaikwayonsa ne rabin aikinmu. Faranti ne na ƙarfe, sukuru shida na riƙe da bakinsa na gaba. A ƙarƙashinsa akwai dunƙulen ƙarfe da ya ratsa cikin katako, tsirkiya na shiga ta cikinsa daga baya. In ka kifa jitar ka cire murfin roba, za ka ga sifirin uku, wani lokaci biyar, suna jan dunƙulen nan. Tsirkiya na ja gaba, sifirin na ja baya, jaki na tsaye a tsakani kamar mangala a bayan dabba: ka rage kaya a ɓari ɗaya, ɗayan ya rinjaya. An yi haka ne don makaɗi ya danna wata 'yar sanda ya sa sauti ya yi rawa. Amma abin da wannan ke nufi a filin biki shi ne, tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran biyar duk su tashi daga mazauninsu.

Kiɗan zamani ya makara a Nijar in aka gwada da maƙwabta. Gini ta Seku Ture ta ɗauki nauyin ƙungiyoyi irin su Bembeya Jazz, Mali na da Rail Band tun 1970 a otal ɗin tashar jirgin ƙasa ta Bamako. A nan ƙungiyoyin ba su da yawa. Akwai International de la Capitale ta Alhaji Taya a Yamai, akwai Azna de l'Ader a Tawa, wadda jagoranta Mona ya kama salon Jimi Hendrix. Gasar Ɗan Gurmu da aka fara a 1987 ita ta zaburar da samari a jihohi, sannan wajen 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, inda daga baya su Yakuba Mumuni suka haɗa Mamar Kassey a 1995. A zamanin da na fara aiki, yawancin jitocin da ke zuwa rumfarmu ba na masu kaɗa su ba ne. Na mai ƙungiya ne, ko na gidan rawa, ko na wata ma'aikata. Jita ɗaya hannu biyar, kowa ya murɗa abin da ya ga dama, ba mai goge ta in an tashi.

Harobanda kuwa ba ta daɗe da zama gari ba. Kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970, wannan gaɓar ƙauyuka ne irin su Lamorde da Kirkisoy da gonaki, mai son shiga birni sai jirgin fito ko kwalekwale. Gada ta zo, jami'a ta biyo baya a farkon shekarun 1970, wadda yau ake kira Jami'ar Abdu Mumuni. Ɗalibai suka taru daga Damagaram, Maraɗi, Tawa, Agadas, Difa, har da na ƙasashen maƙwabta, kowa da rediyo mai kaset a ɗakinsa. Rediyoyin nan su suka ciyar da mu. Kuma a cikin kaset ɗin da ke maƙalewa muna zarowa da biro akwai Franco na Kwango, akwai Bob Marley, akwai Dire Straits. Ɗalibin da ya kawo rediyo yau, gobe zai dawo da wata tsohuwar jita da ɗan'uwansa ya bar masa, ya ce, "Baba, ai ita ma da waya take aiki."

Maigidana bai taɓa cewa bai iya ba. Mutum ne da ya saba naɗa wayar taransifoma da ta fanka da hannu, don haka da ya buɗe cikin jita ya ga maganaɗisu da naɗin waya da maɓallin ƙara irin na rediyo, sai ya yi dariya ya ce ai wannan rediyo ce da ba a gama ba. Wayoyi ba su taɓa ba shi wahala ba. Jaki ne ya tsaya masa, don gyaransa da kunne ake yi, shi kuwa ba ya kiɗa. Sai ya zaunar da mai jita a benci, ya ce, "Kaɗa a sake. To, danna na sha biyu. Ya hau ko ya sauka?" In makaɗi ya ce ya hau, ya ja mazauni baya. In ya ce ya sauka, ya tura shi gaba. Haka za su yini, shi da sukurudireba, wancan da kunne. Ni da nake riƙe musu fitila a nan na koya.

Abin da ya cika ƙasar nan da jita daga arewa ya gangaro. Farin 1973 da na 1984 ya kashe dabbobin Abzinawa, samarinsu suka bazu Aljeriya da Libiya neman abin yi. A can, wajen Tamanrasset, su Ibrahim Ag Alhabib suka kafa abin da ya zama Tinariwen. A ɓangaren Nijar, Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal su ne suka riƙe tutar. Bayan kashe-kashen Cintabaraden a watan Mayun 1990 tawaye ya ɓarke, kaset ɗin waƙoƙinsu ya zama abin ɓoyewa, ana kwafa daga hannu zuwa hannu. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ran 24 ga Afrilun 1995, jitar da ke ɓoye ta fito fili. Ta shiga bikin aure da na suna, ta shiga taron siyasa, ta zama hanyar cin abinci. Daga nan muka fara ganin samari masu rawani suna ƙetaro gada da jita a cikin buhu, wadda ta sha tafiyar kwana da kwanaki a saman babbar mota.

Su waɗannan ba su zo mana hannu sake ba, sun riga sun yi nasu gyaran a daji. An san Ibrahim Ag Alhabib da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko yana yaro. Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak, shi ma da katako da wayar birkin keke ya fara. Turawa kan ba da wannan labari don a ji tausayi. Ni a wurina shaida ce ta basira, don wayar birki in ka warware ta silin ƙarfe ne, kuma shi ne abu mafi kusa da tsirkiyar gaske da za a samu a ƙauye. Har kan jitar lantarki mun ɗaura shi lokacin babu, maganaɗisu ya ji shi sarai. Illarsa dai yana cin yatsa, yana kuma sassaƙe mazauni. Akwai karin maganar nan ta gyaran gangar Auzinawa, amma ni dai jitocin da na karɓa daga hannunsu, wanda aka toshe rami da fata, wanda aka tokare jaki da kwabo, sun fi na wasu 'yan birni lafiya.

Bahago na da tasa matsalar. Mdou Moctar bahago ne, Hendrix ma haka, kuma Hendrix jitar dama ya riƙa juyawa yana sake jera tsirkiya. Jitar hagu ba ta cika zuwa kasuwarmu ba, don haka yaro bahago sai ya kawo ta dama a juya masa. Mai gaggawa zai sauya tsirkiya kawai ya karɓi kuɗinsa. Ba a gama ba. A saman wuya akwai ƙaramin jaki mai tsaga shida, kowace tsaga daidai kaurin tsirkiyarta. In an juya, kakkaura za ta hau kan siririyar tsaga ta kasa zama, siririya kuma ta riƙa yawo a cikin faffaɗa tana zuza. Sai an fiƙe sabo. Mu da ƙashin raƙumi ko na sa muke yi, a karɓo wurin mahauta, a dafa shi ya fitar da mai, a shanya, a yanka, a bi shi da magagari. Ya fi robar da ke zuwa daga masana'anta nesa ba kusa ba. Sannan a koma ƙasa a sake jera mazaunai shida daga farko.

Shekarar da ta mai da mu maƙera ita ce 1994. A watan Janairu aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke shigowa ta Kwatano da Lome ya ninka kuɗi. Saitin tsirkiya ya zama abin da ake tunani kafin a saya. Makaɗa suka riƙa tafasa tsofaffi a ruwa su fitar da datti su mayar. Wadda ta tsinke kusa da gindi a ƙulla ta a sake ɗaurawa. Jaki sabo kuwa ko a mafarki. Sai muka koma kasuwar Katako, inda ake narka tsohon alminiyom ana zuba tukwane, inda kuma ba ƙarfen da ake yarwa. Wasu sun gwada zuba mazauni da alminiyom. Yana fitowa da kyau, amma laushi gare shi, kafin damina ta zagayo tsirkiya ta haƙa masa rami. Abin da ya riƙe shi ne tagulla: jikin tsohon kwaɗo, ko kan famfo da ya mutu. A yanka da zarto, a gyara da magagari, a kai wa mai injin ya huda ya yi masa zare. Har yanzu nakan ci karo da jitar da ke ɗauke da mazauni ɗaya rawaya a cikin farare biyar, in gane zamanin da aka yi shi.

Ƙasar nan ba ta raga wa jita. Da hunturu iska kan bushe ƙarau, katako ya tsuke, bakin ƙarafan wuya ya fito yana yankan hannu, sukuru ya yi sako-sako a raminsa. Da damina katako ya kumbura, wuya ya lanƙwashe. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, makaɗi na zufa, zufar na gangarowa daga gefen hannunsa kai tsaye kan jaki. Gishirinta ke cin ƙananan sukurun da ke ɗaga mazauni, ƙura ta bi ta liƙe, su zama abu ɗaya da ƙarfen. Ƙungiya irin Tal National, wadda Almeida ya kafa a nan Yamai, an san ta da kiɗan awa biyar a dare, kusan kullum a mako. A auna abin da irin wannan aiki ke yi wa ƙarfe mai arha. Ga kuma kogi. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun shiga gidaje a wannan gaɓa, kuma bayan kowacce mun karɓi jitocin da suka kwana cikin ruwa, jakinsu ja wur da tsatsa.

In jaki ya kai ga sauyi, aikin ba daga sukurudireba yake farawa ba, daga awo ne. Jitar da ta bi tsarin Fender tsawon tsirkiyarta milimita 648 ne daga ƙaramin jakin sama zuwa mazauni, ta tsarin Gibson wajen 628. Ba na yarda da abin da aka rubuta a kwali. Nakan auna daga sama zuwa ƙarfe na 12, in ninka biyu, nan ne mazaunin siririyar tsirkiya zai faɗo, da ɗan ƙari. Ƙarin nan dalili gare shi: in yatsa ya danna tsirkiya, yana ƙara mata ɗauri, sauti ya hau kaɗan, don haka sai an tsawaita ta ta rama. Kakkaura ta fi bukatar ƙari. Shi ya sa jakin da aka daidaita da kyau ba ya miƙewa sambal, hawa-hawa yake, uku-uku. Duk wanda ya jera maka mazaunai a layi ɗaya don su yi kyan gani, ya yi maka ado ya ɓata maka kiɗa.

Sai tazarar ramuka, inda mafi yawan kuɗin samari ke halaka. Tsohon jakin Amurka tazarar sukurunsa na farko da na ƙarshe wajen milimita 56 ce. Mafi yawan jitocin Asiya da ke hannun mutanenmu wajen 52 da rabi ne. A ido ɗaya suke. Ka ɗora sabon a kan tsofaffin ramuka, na tsakiya su yi kamar za su shiga, na gefe su ƙi. Mai ƙarfin hali zai murɗa da tsiya, sukuru ya shiga a karkace, katako ya tsage. Ko an ci sa'a ya zauna, tsirkiyar gefe za ta riƙa zamewa daga bakin wuya, don wuyan ba a yi shi da wannan faɗin ba. In dole sai an sa shi, to a toshe tsofaffin ramuka da fiƙaƙƙen itace mai tauri da gam, a bar shi ya kwana, a ja zare biyu daga sama har ƙasa a ga inda suka bi gefen wuya, sannan a huda sababbi. Haka ma 'yan makullan da ke juya ƙananan sukuru: na Amurka da inci aka auna su, na Asiya da milimita. Ka sa wanda ba nasa ba, ka cinye kan sukurun, ka jawo wa kanka aikin yini.

Akwai wata 'yar baƙar waya da ke fitowa daga wurin maɓallan ƙara ta je ta manne a ƙarfen da ke riƙe sifirin. Ita ke haɗa tsirkiya da sauran jikin wayoyin. Kafinta in ya sauya jaki yakan manta da ita, sai jita ta riƙa gurnani a lasifika ba ƙaƙƙautawa. Amma wayar nan tana da wata fuska da ya kamata kowane makaɗi ya sani. Tunda ta haɗa hannunka da amfilifaya, in amfilifayar na yoyon wuta, ko an jona kayan biki a janareta da wayoyi tsirara, kai ne hanyar da wutar za ta bi in leɓenka ya taɓa makirufo. Wutarmu 220 ce, ba ta wasa. In makaɗi ya ce mini jitarsa na cizonsa, ba na taɓa jitar, cewa nake ya je ya ɗauko amfilifayar.

Daga shekarun 2000 kaya suka sauya. Jitocin Sin suka yi yawa, suka yi araha, yaro na iya tara kuɗin aikin hutu ya mallaki tasa. Wayar hannu ta karɓi aikin kaset. Mdou Moctar ya naɗi Anar a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bi katin waya suka zaga Sahel kafin kamfanin Sahel Sounds ya fitar da shi waje. Bombino, wanda sabon tawayen 2007 ya kora Burkina Faso, ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a farkon 2010, daga baya faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy. Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad ta nuna wa 'yan mata cewa su ma hannunsu na iyawa. Yaran unguwa suka ga na gida a manyan dandamali riƙe da Fender ta gaske. Ba su da kuɗin Fender, amma sun gani a YouTube cewa ana sauya sassa ɗaya bayan ɗaya, sai suka fara aika wa 'yan'uwa a Faransa da Dubai da Kano hoton abin da za a sayo musu.

Wani ɗalibi ya zo mini da irin wannan saƙo a cikin leda, yana ta murmushi. Jakin Floyd Rose ne, ko dai kwaikwayonsa, irin wanda aka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970 don masu kiɗan da ke danna sanda har tsirkiya ta saki. Yana kulle tsirkiya sama da ƙasa. Na juya shi na ce, "Ɗana, wane kiɗa kake yi?" Ya ce na biki, takamba da abin da ya samu. Na ce, "Ka taɓa amfani da sandar da ke jikin taka?" Ya ce tun ranar da ya saye ta ya cire ta ya ajiye. Na ce, "To in na sa maka wannan, sai na fafe cikin jitarka, ba kuma za ta koma yadda take ba. Ranar da tsirkiya ta tsinke maka amarya na shigowa fili, sai ka nemi makulli ka kwance sama, ka yanke kan sabuwa, ka kulle ƙasa, ka daidaita shida gaba ɗaya. Kuma ku da kuke sauya ɗauri daga waƙa zuwa waƙa, wannan ba ya son haka." Ya yi shiru, ya ce, "Baba, kuɗi na sa fa." Na ce na sani. Abin da na yi masa shi ne abin da nake yi wa mafi yawansu: na ƙara sifirin suka zama biyar, na ɗaure jakinsa ya kwanta a jikin katako, na fiƙe guntun itace na tokare dunƙulen ta baya. Ledar kuwa ya kai ta birni ya sayar.

Ba ina ƙin sabon kaya ba ne. Akwai sauyin da ya ci kuɗinsa. Makullan kai masu arha da ke sakin ɗauri, a sauya su. Ramin da ake soka waya, wanda ke sa jita ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, a sa mai kyau. Dunƙulen jaki na jitoci masu araha da wani gauraye mai gautsi ake zuba shi, yakan tsage daidai ramin sanda, in an samu na baƙin ƙarfe mai tazara ɗaya, a sa. Amma wanda zai sayi maganaɗisu mai tsadar da ta fi ta jitar, ya jona ta a amfilifayar da lasifikarta ta yage, ga tsirkiyar bara, wannan ya yi wa kunnen wani aiki, ba na mutanen da ke filin ba. Sautin da duniya ta so a jitar Sahel, mai kaifi, mai ɗan tsatsa, daga ƙananan amfilifaya masu batir da jitoci masu faci ya fito.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, hanyar Kwatano ta toshe. Mdou Moctar da mutanensa ma suna Amurka lokacin, suka kasa dawowa sai daga baya. Kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina, a makare, da tsada. Da rana ba wuta, sai na koma ɗora ƙarfen dalma a kan gawayi yadda na ga maigidana na yi. Gwangwanin da nake tara mazaunai da sukurun matattun jitoci, wanda yarana ke cewa shara ce, shi ya riƙe rumfar. Na sake taka Katako neman kan famfo. Abin da ba mu iya ƙerawa har yau shi ne tsirkiyar kanta, musamman siririyar ƙasa, wadda ta fi saurin tsinkewa, kuma 'yan kasuwa ba sa son sayar da ita ita kaɗai sai da saitin shida. Don haka duk makaɗin da zai fita waje ya tambaye ni abin da zai riƙo mini, nakan ce ya bar maganar jaki da maganaɗisu, ya cika aljihun jakarsa da siririyar tsirkiya mai lamba 9 da mai lamba 10, in da sauran wuri ya ƙara da ƙananan sukurun mazauni na awon milimita.